Ƙaiƙayi Koma Kan Masheƙiya: Amfani da Buntun Shinkafa da Gawayin Ƙashi Wajen Cire Sinadarai Masu Tiririn Nukiliya Daga Ruwan Sha

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani a Wudil, Jihar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yiwuwar amfani da abubuwan da muke zubarwa, irin su buntun shinkafa da ƙasusuwan mahauta da garin ƙarfen maƙera, wajen cire yuraniyom da radiyom da dangoginsu daga ruwan sha. Ta fara da bayanin waɗannan sinadarai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya musu, sannan ta waiwayi Arlit da Filato da Riruwai domin nuna inda matsalar ta shafe mu. Daga nan ta yi bayanin yadda kowane madamƙi yake aiki, da dalilin da ya sa abin da ya yi kyau a kwalbar ɗakin gwaji yakan gaza a bakin rijiya. Matsayar maƙalar ita ce: madamƙi ba ya kashe tiriri, wuri kawai yake sauya masa. Saboda haka binciken da ya tsaya a kan yawan abin da aka cire daga ruwa, bai faɗi inda za a kai gawayin da ya ƙoshi ba, rabin aiki ne.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya shigo garin nan daga Kano sai ya hau gada ya ƙetare kogi. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso. Wani ya taso daga duwatsun kudancin jihar nan, ya bi Kogin Kano, ya kwana a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Wani kuma ya biyo Kogin Challawa. Sai da suka haɗu sannan suka nufo Wudil, suka wuce Haɗeja. Masunta da masu wanki da manoman rani da masu shayar da shanun kara duk da shi suke aiki, kuma kowannensu yana da hanyarsa ta gane ruwan kirki: ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana.

Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. To amma akwai gurɓatar da ba ta sa ruwa tsami ko kaɗan. Ruwan da ke ɗauke da yuraniyom fiye da kima yana iya fitowa daga burtsatse garau, da sanyi, ba wari ba ɗaci, uwar gida ta zuba a randa tana yabon sa. Ido da hanci da harshe duk ba su da aiki a nan. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara masa kauri yayin da tururi ya tafi da wani sashe na ruwan.

Akwai hanyoyin zamani da ke cire irin waɗannan sinadarai, kamar tura ruwa da ƙarfi ta cikin tantani mai matsi, ko bi da shi ta cikin ƙwayoyin roba masu musayar sinadari. Suna aiki sosai, sai dai suna son wutar lantarki da ba ta yankewa, da kayan gyara daga waje, da ma'aikaci mai horo. Ƙauyen da ya sha wahala kafin ya samu burtsatse ɗaya ba zai iya riƙe su ba. Wannan ne ya sa hankalin masu bincike a jami'o'inmu, har da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke nan Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, ya cancanci komawa kan abin da muke da shi a bola.

A cikin wannan maƙala, kalmar "madamƙi" na nufin duk wani abu mai ƙananan ramuka wanda sinadari ke maƙalewa a fatarsa idan ruwa ya ratsa shi. Ya bambanta da soso mai shanye ruwan gaba ɗaya. Shi ruwan yake bari ya wuce, ya riƙe baƙon da ke ciki.

2.0 Sinadaran da Iyakokinsu

Sinadari mai tiriri shi ne wanda ƙwayar zarrarsa ba ta zaune lafiya, tana farfashewa sannu a hankali tana fitar da ƙarfi. Ana auna yawan farfashewar da bekerel: bekerel ɗaya shi ne fashewa ɗaya a daƙiƙa. Kowane sinadari kuma yana da wa'adin da rabinsa ke ƙarewa. Na yuraniyom-238 shekara biliyan 4.5 ne, na toriyom-232 kusan shekara biliyan 14, na radiyom-226 shekara 1,600, na radiyom-228 ƙasa da shekara shida, na iskar radon-222 kuwa bai cika kwana huɗu ba. Waɗannan duk halittar ƙasa ne, suna cikin duwatsu tun fil'azal. Akwai kuma waɗanda tashoshin nukiliya ke haifarwa, irin su siziyom-137 da sitirontiyom-90, masu wa'adin kimanin shekara 30.

Cutarwarsu ba iri ɗaya ba ce. Yuraniyom a ruwan sha ya fi yin ɓarna a matsayinsa na ƙarfe mai guba, kuma ƙoda yake nufa. Radiyom ɗan'uwan kalsiyom ne a ɗabi'a, don haka jiki yakan ruɗe ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye, yana ta harbin ɓargo tsawon shekaru. Radon iska ce, takan fice daga ruwa lokacin wanka ko girki, a shaƙe ta, kuma ita ce ke biye wa taba wajen jawo kansar huhu.

A bugu na huɗu na ƙa'idojin ruwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, an sa iyakar yuraniyom a maikirogiram 30 cikin kowace lita. An kuma ba da ma'aunin tantancewa na farko: idan jimillar tiririn alfa bai wuce bekerel 0.5 a lita ba, na beta kuma bai wuce bekerel 1 ba, ba a buƙatar ƙarin bincike. Idan ya wuce, sai a nemo ko wane sinadari ne. Manufar ita ce kada abin da mutum ke samu ta ruwan sha ya zarce milisibat 0.1 a shekara, a ma'aunin yawan tiririn da jiki ya ɗauka. A kula da ƙanƙantar waɗannan lambobi, domin za mu dawo kansu. Maikirogiram 30 a lita daidai yake da giram 30 cikin lita miliyan ɗaya.

3.0 Daga Arlit Zuwa Riruwai

Wani zai ce wannan matsalar Japan ce da Yukiren, inda aka yi haɗarin tashoshin nukiliya, mu da ba mu da tashar wutar nukiliya ina ruwanmu. Amsar tana arewa da mu, a Jamhuriyar Nijar, a garuruwan da ake jin Hausa a kasuwanninsu.

Kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, Cominak kuma a Akokan a 1978, har zuwa rufe shi a ƙarshen Maris na 2021. Shekarun nan sun bar tsibin tarkacen dutse da aka tatse, na Cominak kaɗai ya kai kimanin tan miliyan 20, a cikin hamadar da iska ba ta hutawa, kuma ruwan da jama'a ke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen garin, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, ita ta matsa har ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa ya je ya yi awo a 2003. A rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010, an ce huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da aka ɗiba a yankin Arlit sun wuce iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokacin. Kamfanin Areva, uwar kamfanonin haƙar biyu a lokacin, wanda ya koma Orano a 2018, ya ƙalubalanci wasu daga cikin sakamakon. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, mutanen gari sun yi shekaru suna zargi, amma maganarsu ba ta samu kunnen duniya ba sai da aka zo da na'ura aka auna.

A gida Nijeriya, haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa a Filato tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan kududdufai da tudun yashi a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. Kuza da kwalambait ake nema, amma suna fitowa tare da monazait da zarkon, ma'adanai masu ɗauke da toriyom da yuraniyom. Idan an wanke kuza an ɗauke, su ake bari a baya. Binciken jami'o'i ya daɗe da nuna cewa tiririn da ke cikin wannan yashi ya ninka na ƙasar noma sau da yawa, ga shi kuma mutane na gini da shi, suna noman rani da ruwan kududdufan.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Duwatsun Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa a jihar nan dangin na Filato ne, irinsu ɗaya, zamaninsu ɗaya. An haƙi kuza a can tun kafin zuwan Turawa, an ci gaba bayan zuwansu, kuma masana ƙasa sun tabbatar da cewa wani sashe na duwatsun na ɗauke da ma'adanai masu yuraniyom da toriyom. Yankin nan ne kuma ke shayar da Kogin Kano. Wannan ba hukunci ne a kan ruwan da ke ƙarƙashin gadar Wudil ba, domin ruwan kogi mai gudu yakan tsarma abin da ya ɗauko. Inda ya kamata a fi sa ido shi ne rijiyoyi da burtsatse da aka huda cikin irin wannan dutse, inda ruwa ke kwanciya shekaru yana jiƙa shi, da kuma kududdufan masu haƙar gargajiya. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, ya isa ya nuna mana yadda haƙa ba tare da awo ba ke shigo da ajali har tsakar gida.

4.0 Madamƙai Daga Shara

4.1 Buntun Shinkafa da Danginsa

Wanda ya bi ta Kura ko Bunkure ko Garun Malam bayan girbi zai ga tsibin buntu a bayan injinan casa, wani yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi na tashi siriri, toka fara na taruwa a gindi. A kowane buhu biyar na shanshera, nauyin kusan buhu ɗaya buntu ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntun kuma toka ce, mafi yawanta silika.

Idan aka ƙona buntu a rufe, ba tare da iska ta wadace shi ba, a zafin digiri 400 zuwa 600, ba ya zama toka, gawayi yake zama. Ana iya yin haka a cikin duro mai murfi da ɗan ƙaramin rami na fitar hayaƙi. Gawayin na fitowa da ramuka birjik da ido ba ya gani, kuma a bangon ramukan akwai gurabe masu ɗauke da oksijin da ke jan yuraniyom su riƙe. Haka abin yake ga ɓawon gyaɗa da totuwar masara da tuƙar rake, kowanne da gwargwadon ƙarfinsa. Gawayin da bai sha zafi sosai ba ya fi yawan waɗannan gurabe, wanda ya sha zafi da yawa kuma ya fi faɗin ramuka, saboda haka zaɓen zafin wuta wani ɓangare ne na binciken. Daga tokar buntu kuma ana iya haɗa ziyolait, wanda ya shahara wajen kama siziyom. Irin wannan ma'adani aka yi amfani da shi wajen tace gurɓataccen ruwan tashar nukiliya ta Fukushima a Japan bayan haɗarin 2011.

4.2 Gawayin Ƙashi

A ganina, wannan ne ya fi dacewa da Wudil. Kowace Juma'a kara na cika da shanu, mahauta na aiki, ƙasusuwa na taruwa. Mafi yawan nauyin busasshen ƙashi wani ma'adani ne na kalsiyom da fosfet da ake kira apatait. Shi kuwa yuraniyom da fosfet masoya ne: da sun haɗu sai su ƙulle su zama wani abu mai wuyar narkewa. Radiyom da sitirontiyom kuma, saboda kamarsu da kalsiyom, sukan shiga gurbinsa su zauna. Abin da ke sa su cutar da ƙashin mai rai shi ne ke sa ƙashin da aka ƙona ya kama su kafin su kai baki.

An jarraba wannan a fili. A 1997, a Fry Canyon da ke jihar Utah ta Amurka, an haƙa ramuka a hanyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya gurɓace da yuraniyom, aka cika ɗaya da gawayin ƙashi, ɗaya da ƙwayoyin ƙarfe, ɗaya da tsatsar ƙarfe, aka bar ruwan ya ratsa da kansa. Duka ukun sun rage yuraniyom ƙwarai a farko, na ƙarfe ne ya fi daɗewa yana aiki. A Kenya kuma, a yankin Nakuru, an shafe shekaru ana sarrafa gawayin ƙashi domin cire fuloraid daga ruwan sha, har an ƙware a sanin gawayi mai kyau daga launinsa. Wanda ya fito baƙi ƙirin bai gama ƙonewa ba, zai sa wa ruwa ƙauri da launi, mutane su guje shi. Wanda ya yi fari fat ya wuce wuta, ƙarfinsa ya ragu. Mai launin toka-toka shi ake nema. Wannan ilimi ne da mai gasa tukwane a ƙauyukanmu zai ƙware a kai cikin mako guda.

Akwai tambayar da dole a amsa kafin a kai wannan gawayi gidan kowa: ƙashin wace dabba ce, kuma yankakkiya ce? A wasu ƙasashe wannan tambaya ta hana mutane karɓar matatar ƙashi. A nan amsar na hannunmu, tunda daga mahautar Musulmi ƙashin zai fito, a gaban idon jama'a. Duk da haka, ya kamata a zauna da malamai da sarkin fawa tun farkon aiki, kada sai an gama a zo ana lallashi.

4.3 Ƙarfe da Marmara

Tsatsar ƙarfe na daga cikin abubuwan da suka fi kama yuraniyom a cikin ƙasa. Garin ƙarfen da ke zuba a gindin maƙera da masu walda, da jar marmara da ake zuba wa hanya, duk suna da wannan hali. Shi ƙarfe tsantsa har ƙari yake yi: yakan juya yuraniyom daga siffarsa mai narkewa zuwa wadda ba ta narkewa, ya kwanta. Ana iya jiƙa gawayin buntu da ruwan gishirin ƙarfe a busar, a haɗa amfanin biyun. Matatar Sono da Abul Hussam ya ƙirƙiro a Bangaladash domin cire arsenik, wadda ta ci babbar kyauta a Amurka a 2007, bokiti biyu ne kawai da yashi da gawayi da ƙarfe. Ta nuna cewa irin wannan kimiyya na iya zama a kusurwar ɗakin talaka.

5.0 Tsakanin Kwalba da Rijiya

Ga yadda yawancin bincike a wannan fanni ke tafiya. Ɗalibi zai narka gishirin yuraniyom a cikin tataccen ruwan ɗakin gwaji, miligiram 50 ko 100 a lita. Zai ɗiga asid har ma'aunin tsami na pH ya sauka wajen 4 ko 5. Zai zuba garin gawayi mai laushi kamar kwalli, ya ɗora kwalaben kan injin girgizawa na 'yan awoyi, ya tace, ya auna. Sakamako zai fito da kashi 90 da wani abu, a zana layukan lissafin kamu na Langmuir da na Freundlich, a rubuta cewa an samu madamƙi mai arha. Aikin ba ƙarya ba ne, kuma matakin farko ne da ba makawa. Sai dai ruwan rijiya ya saɓa wa na kwalba ta fuska huɗu.

Ta farko, yawan sinadarin. Miligiram 100 a lita ya ninka iyakar ruwan sha fiye da sau 3,000. Wanda ya cire kashi 99 daga ciki ya bar miligiram ɗaya, wato fiye da ninki 30 na abin da aka yarda a sha. Tambayar mai rijiya ita ce ko za a iya sauko da maikirogiram 100 zuwa ƙasa da 30, kuma kama 'yan tsiraru ya fi kama taro wuya.

Ta biyu, kabonet. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yawanci yana tsakanin pH 6 da 8, kuma yana ɗauke da baikabonet da kalsiyom. A irin wannan ruwa yuraniyom ba ya yawo shi kaɗai. Yakan lulluɓe kansa da kabonet, cajinsa ya juye ko ya ɓace, sai ya wuce ta gaban gawayin buntu kamar bai gan shi ba. Madamƙin da ya yi bajinta a pH 5 na iya zama ɗan kallo a pH 7.5. A nan ne ƙashi da ƙarfe suka fi gawayin tsiro juriya, ko da yake su ma ƙarfinsu na raguwa.

Ta uku, 'yan takara. A duk ƙwayar radiyom ɗaya akwai miliyoyin ƙwayoyin kalsiyom da magniziyom da ke neman gurbi ɗaya da ita. Ruwa mai yawan kalsiyom da magniziyom na cinye madamƙi da wuri.

Ta huɗu, siffar aiki. Ba wadda za ta girgiza randa awa shida. A gida, ruwa zai bi ta bututu ko bokiti ne mai cike da ƙwayoyin gawayi, kuma gari mai laushi toshe shi zai yi. Lambar da ake buƙata ita ce lita nawa za su wuce kafin sinadarin ya fara ɓullowa ta ƙasa. Ranar da matata ta ƙoshi ba ta sanarwa, ruwan zai ci gaba da fitowa garau, kuma idan yanayin ruwan ya canza tana iya amayar da abin da ta tara.

Akwai kuma abin da madamƙi ba nasa ba ne. Radon iska ce, sheƙa ruwa a sarari da barin sa ya kwana ya fi arha wajen korar ta. Tiritiyom kuwa, wani sinadari mai tiriri na tashoshin nukiliya, ya zama jikin ruwan kansa, shi ya sa duk na'urorin Fukushima ba su cire shi ba, sai tsarma ruwan aka yi aka fara sakin sa cikin teku a Agustan 2023.

6.0 Ina Za a Kai Gawayin da Ya Ƙoshi?

Ƙwayar cuta ana kashe ta da wuta ko sinadari. Tiriri ba ya mutuwa sai wa'adinsa ya cika, kuma mun ji wa'adin yuraniyom. Abin da matata ke yi shi ne tattara abin da ke warwatse cikin dubban litoci ta dunƙule shi a bokiti ɗaya.

Bari mu yi lissafi na misali. A ɗauka gida mai mutum goma na tace lita 50 a rana don sha da girki, ruwan kuma na da maikirogiram 100 a lita. Idan matatar ta kama duka, miligiram 5 ke nan a rana, kimanin giram 1.8 a shekara. Kowane miligiram na yuraniyom na da kusan bekerel 12 na yuraniyom-238. Jimilla ta kai kimanin bekerel 22,000. Idan gawayin kilo biyar ne, kowane giram na ɗauke da fiye da bekerel 4. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ɗauki bekerel 1 a giram a matsayin iyakar da daga ita ake fara sa wa irin waɗannan abubuwa ido. Wato a shekara ɗaya, bokitin da ke gefen randa ya zama abin da hukuma ke da magana a kai.

Yanzu a tuna yadda gidan Bahaushe yake da gawayi da toka. Ba a zubar da su a banza. Gawayi murhu za a kai shi, ko dutsen guga. Toka bola za ta, bola kuma da bazara jaki ko amalanke zai kwashe ta zuwa gona. Gawayin ƙashi ma takin fosfet ne mai kyau, manomi na gani zai gane. Idan aka hura shi a murhu, gawayin zai cinye, yuraniyom ya rage a toka da ƙura a inda ake tuƙa tuwo. Idan aka kai gona, damina za ta wanke shi ta mayar ƙasa, ko ya bi saiwa. Abin da aka cire daga ruwa ya dawo ta wata ƙofa, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Mafita na nan, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Ana iya cuɗa gawayin da siminti a zuba shi dunƙule, a binne a keɓaɓɓen rami mai daɓen yumɓu, nesa da rijiya da fadama. Ana iya wanke madamƙin da ruwan kabonet a sake amfani da shi, amma ruwan wankin ya zama sabuwar shara mai ƙarfi da sai ƙwararre. Kowace aka zaɓa, ta fi sauƙi idan matatar babba ce guda ɗaya a bakin burtsatsen unguwa, da mutum ɗaya mai kula da ita da littafin rubuta ranar canji, maimakon ɗari a warwatse cikin gidaje.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, a fara da awo. A zana taswirar rijiyoyi da burtsatse a Doguwa da Tudun Wada da sauran yankunan duwatsu, a auna su rani da damina. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, tana da kayan wannan aiki, kuma tafiyar 'yan awoyi ce daga nan. Rijiyar da aka samu lafiya a bar ta, kada a ɗora wa mutane tsoro da kashe kuɗi a banza. Wadda ta wuce iyaka, a fara duba ko akwai wata kusa da za a koma, domin sauya rijiya ya fi kowace matata arha.

Na biyu, masu duba ayyukan ɗalibai su sa sharaɗi: duk gwajin da aka yi da tataccen ruwa a maimaita shi da ruwan rijiya na gaske, a pH ɗinsa na asali, cikin bututu mai gudana.

Na uku, a gwada haɗa madamƙai bisa juna, yashi a sama, gawayin buntu mai ƙarfe a tsakiya, gawayin ƙashi a ƙasa, a kuma auna ko matatar da kanta tana sakin wani abu ko tana tara ƙwayoyin cuta.

Na huɗu, a shigo da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, tun a matakin tsara bincike, domin ita ke da hurumin faɗin yadda za a adana sharar.

Na biyar, kowane rahoton bincike ya ƙunshi babi a kan makomar madamƙin bayan ya ƙoshi, da kuɗin da hakan zai ci. Arhar da ba ta haɗa da kuɗin binnewa ba, ba arha ba ce.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sinadarai masu tiriri ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, daga Arlit zuwa Filato zuwa duwatsun Riruwai, kuma kayan kama su na zube a Kura da karar Wudil da rumfunan maƙera. Kimiyyar da ke bayan buntu da ƙashi da ƙarfe tabbatacciya ce. Abin da ya rage shi ne a fitar da ita daga kwalba a kai ta bakin rijiya, a kuma bi gawayin har ramin da zai kwanta. Mace mai sheƙa ba ta ɗaga ƙwarya sai ta duba inda iska ta nufa. Mu ma kafin mu miƙa wa mutanen ƙauye matata, mu tabbatar mun san inda abin da ta kama zai sauka.